Inna Hajo, Wadda Mata Suka Laƙaba wa Alƙaliya

Kafin mata su cika bencin awo, Inna Hajo ta riga ta iso daga Kambarawa, ta share ɗakinta a ƙaramin asibitin da ke wajen Ƙofar Sauri, ta rataye sikeli. Aikin da aka ɗauke ta shi ne auna jarirai da yi musu rigakafi, amma ba ta taɓa tsayawa a nan ba. Sai ta karɓi yaro, ta yi masa wasa ta ga ko zai mayar mata da murmushi, sannan ta zagaya bayansa ta tafa hannu, ta jira ya waiwayo.

"Ya fara gwaranci? In kin kira sunanshi yana juyowa? Yana nuna abu da yatsa?"

Mata da yawa haushi suke ji, ga layi ga girki na jira a gida. Su suka laƙaba mata Alƙaliya saboda yawan tambaya. Ni maƙwabciyarta ce, na sha jin sunan a gidajen biki ana dariya.

Ramla na cikin masu dariyar, har ranar da ɗanta Mudassir ya cika shekara biyu bai ce ko "Mama" ba. Inna Hajo ta tabbatar yana ji, sai ta tambayi wanda ke yi masa magana a gida. Babu. Waya ake miƙa masa ya yi shiru.

"Ki riƙa hira da shi kina wanke-wanke," in ji ta. "Ga kofi, ga ruwa, ga cokali. In ya yi wani sauti, ki amsa mashi."

"Inna, hira da wanda ba ya amsawa? Ai sai a ce na zare."

"Bari su ce."

Ramla ta yi. Kafin damina ta fita yaron ya fara haɗa kalmomi, yau kuwa roƙonsa ake ya yi shiru.

Ba duka ne suka ƙare haka ba. Wata jaririya, Fadila, tun ba ta kai shekara ba ta yi zazzaɓi mai zafi, bayan ta warke aka kawo ta awo. Inna Hajo ta tafa a dama, ta tafa a hagu, yarinya ba ta motsa ba. Ta ce wa uwar, Zulaihat, a kai ta babban asibiti wurin likitan kunne ba da jinkiri ba. Kakar yarinyar ta wajen uba ta hana. Ta ce nauyin baki gadon gidansu ne, uban ma sai da ya yi wayo ya buɗe baki.

Inna Hajo ta yi ta zarya gidan bayan an tashi aiki. A ba ta ruwa, a yi mata godiya, a raka ta ƙofa. Sai da Fadila ta shekara bakwai aka kai ta. Likita ya ce akwai sauran ji a kunne guda, da an sa mata na'ura tun tana ƙarama da ta kama magana.

Da Zulaihat ta zo mata tana kuka, Inna Hajo ba ta ce "ai na faɗa" ba. Da furfurarta ta je wurin malaman makarantar kurame ta koyi maganar hannu, ta riƙa zaunar da uwa da 'ya duk ƙarshen mako tana koya musu. Zulaihat ta ce mini: "Ɗiyata ta shekara takwas kafin ta kira ni uwa. Da hannu ta kira ni, a tsakar gidan Inna."

Duk da haka abin bai bar Inna Hajo ba. Da na je mata murnar ritaya, zancen Fadila ta fara yi mini. "Da na sani, da uban yarinyar na tare a kasuwa. Na tsaya jin kunyar tsohuwa."

Inna, ke ce kika ga abin da ba mu gani ba, kika faɗa, muka mayar da shi abin barkwanci. Ke ce uwar marasa baki, amma ranar da kika ajiye aiki lemo da turmin atamfa kawai aka sallame ki da su. Wadda ta gaje ki ita kaɗai ce da layin nan, da ƙyar take ɗaga kai daga sikeli.

Mun gode, kuma mun san godiyar ta zo a makare. Allah ya saka miki, ya ƙara lafiya. Ku kuma ma'aikatan awo, ku ɗauki tambayoyinta ko da za a yi muku suna. Iyaye, ku yi wa jariranku magana tun ba su iya amsawa ba. In kun kira yaro bai juyo ba, kada ku jira ya yi wayo, ku kai shi a duba.