Ranar da Ɗalhatu Ya Tuƙa Pupusa

Ɗalhatu mutumin Malumfashi ne, shekararsa tara yana jan motar ma'aikata a Doha, daga masaukinsu na Sanaiya zuwa wuraren gini. Mota kam ya iya ta, amma abin taƙamarsa tukunya ce. Duk Juma'a shi ke riƙe muciya a kicin ɗin masauki, kuma ya sha faɗa cewa duk abin da aka yi da masara a duniyar nan ƙanen tuwo ne. Ka musa masa, ka rasa malmalarka.

A ɗakin da ke kallon nasu akwai Wilfredo, makanikin kamfanin, ɗan ƙasar El Salvador. Da guntun Larabci da guntun Turanci suke hira, sauran kuma hannu ya ƙarasa. Wilfredo ya sha ba shi labarin abincin mahaifiyarsa, wai shi pupusa: a kwaɓa garin masara, a cusa wake da cuku a ciki, a tafa a hannu har ya baje, a gasa a kasko.

Wata Talata aka bugo wa Wilfredo waya cewa tsohuwar ta rasu, ga nisa, ba zai riski jana'iza ba. Wilfredo ya shige ɗaki ya daina cin abinci. Ɗalhatu ya kai masa tuwo da miyar kuka, kwano ya dawo yadda ya tafi. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai, don a garinsu ba a barin mai makoki da yunwa, maƙwabcin da ya bari kuwa ya ji kunya.

Ranar Juma'a, kwana uku cif, ya ɗauko garin masarar Wilfredo daga kan kanta ya ce yau pupusa za a yi. Abokin ɗakinsa Alidu, mai gadi ɗan Zangon Kumasi, ya miƙo masa waya.

"Massa, duba bidiyo mana. Ruwan ɗumi kawai suke zubawa su murza."

"Ni za a koya wa masara?" in ji Ɗalhatu. "Ɗanyen gari zan ba maraya? Yalla, matsa."

Sai ya ɗora ruwa ya tafasa, ya yi talge, ya tuƙa da muciya har gumi ya jiƙa masa singileti. Tuwo dai ya fito, sumul. Waken da ya dafa kuma ya ga ya yi lami, ya danna masa attarugu da daddawa. Da Alidu ya nuna masa cewa girman abin bai wuce tafin hannu ba, sai ya harare shi.

"Wannan 'yar mitsitsiyar zan kai gidan makoki? A ce daga gidan wa?"

Ya mulmula guda ɗaya mai faɗin murfin tukunya, ya juye cukun duka a ciki, ya kifa a kasko. Wajen juyawa ta dare gida uku, cuku ya malale kan wuta, hayaƙi ya turnuƙe, ƙararrawar gobara ta ɗauki kuka. Mutane suka yi ta fitowa, wani da tawul, wani da takalmi ƙafa ɗaya. Cikinsu har da Wilfredo, ido ya faɗa, gemu ya tofo.

Ya leƙa kaskon ya daɗe yana kallo. "Habibi, mene ne wannan?"

"Pupusa," in ji Ɗalhatu, ko kunya babu.

Wilfredo ya fashe da dariya har ya dafa bango, dariyar ta zarce ta koma kuka, aka bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ya wanke hannu, ya jawo sauran garin, ya zuba ruwan ɗumi ya murza. Ya ɗebi ƙulli, ya lotsa tsakiya, ya cusa waken nan mai daddawa, ya rufe bakin, ya shiga tafawa, taf, taf, taf. Ya ɗora a kasko ta gasu.

Ta farko a tsaye ya cinye ta, attarugu na sa shi shan iska. Ta biyu ya miƙa wa Ɗalhatu.

"Haka tsohuwa take yi?" Ɗalhatu ya tambaya.

"Haka. Ban da warin nan naka."

Ɗalhatu ya tauna a hankali, kowa na jira ya ji ya ce ƙanen tuwo ne. Sai ya share ido da gefen singileti, wai hayaƙi ne.

"Wannan kam yayar tuwo ce," ya ce, ya tura wa Wilfredo kwanon ƙullin. "Tafa wata ka ci. Ina tsaye."