Farar Rigar Helima

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya samo mini aiki a wata masaƙa da ke Bompai a ƙarshen shekarun saba'in, kuma bai taɓa bari na manta ba. Direban babbar mota ne a kamfanin, yana kwasar dilolin yadi zuwa Sharada da Challawa. Ni kuwa bakanike, aka sa ni ɗakin famfo, inda ake gyaran famfon da ke auna wa injin gas man da zai sha. Gwajin wata shida aka ɗauke ni. Ga sabon aure, ga ɗakin haya a Panshekara. In na faɗi, sai dai in tattara amaryata mu koma ƙauye.

A jikin famfon akwai wani ɗan sukuru da bai kai ɗan yatsa ba. Shi ke yanke iyakar mai, ko da direba ya danne totur har ƙasa. Helimanmu, wato shugaban kanikawa, wani dattijo siriri marar yawan magana, da hannunsa yake saita shi, ya ɗaure da waya, ya matse da darma mai tambarinsa. Yakan ce in an saki sukurun, motar za ta yi ƙarfi na ɗan lokaci, sannan ta cinye kuloci da giyabos, baƙin hayaƙin kuma mai ne da bai ƙone ba. Dokarsa ɗaya ce: wanda ya fasa darma, ya kama gabansa.

Yana da wata al'ada. Ran Juma'a da farar babbar riga yake zuwa, don daga aiki sai masallaci. Duk motar da yake zargi, sai ya je bayan salansa ya tsaya, ya ce a taka. In rigar ta yi ɗigo, to, wani ya shiga uku.

Direbobi kuwa duk wannan a wurinsu iyayi ne. Su hayaƙi ne ƙarfi. In mota ta turnuƙe titi, masu keke suna tari suna zagi, sai ka ga direba yana wani hura hanci.

Wata Lahadi da la'asar Kawu ya zo gidana. Ya ci tuwo, ya yaba miya, ya sa wa amarya albarka, sannan ya gyara zama.

"Motata ta zama tsohuwa," in ji shi. "In na ɗauko lodi, jaki ma wuce ni yake yi. Zagaye ɗaya kawai za ka sakar mata. Wa zai sani?"

"Kawu, darmar fa?"

"Darmar ce ta kawo ka Kano?"

Me zan ce? Na sunkuyar da kai na ce to, zan duba.

Washegari na buɗe motar. Da na ciro filtar iska sai dariya ta kama ni. Burbushin audugar masaƙa ya cushe ta dam, kamar matashin kai. Ashe ba yunwar mai take ji ba, numfashi ne ya gagare ta. Na sauya filta, na wanke nozul biyu da ke zubar da mai, na rufe. Darma kuwa ko kallon kirki ban yi mata ba.

Kawu ya dawo daga Challawa baki har kunne. Shi da ke gaba bai ga abin da ke fita a baya ba, madubinsa kuma ya daɗe da komawa na gyaran hula.

"Ka sakar mata ke nan?" ya raɗa mini.

"Ai kun ji ta da kanku, Kawu."

Na tafi ina jin kaina mai wayo, wai ban yi ƙarya ba. Na manta bakin Kawu ba ya da birki. Kafin Laraba duk teburin mai shayi an san ɗan 'yar'uwarsa ya sakar wa motarsa mai. Ran Juma'a da hantsi aka ce helima na nemana a fili.

Na tarar da motar a tsakiya, direbobi da kanikawa sun yi da'ira, helima yana tsaye cikin farar rigarsa. Na san darmar na nan. Na buɗe baki zan yi bayani, sai ga Kawu ya ture ni gefe.

"Malam, kada ku wahalar da rigarku," in ji shi. "Ni na fasa. Da filaya na yanke wayar, shi bai ma sani ba. Surutun da na yi a wajen shayi, kuri ne kawai."

Ya zaro makullin motar daga aljihu ya ajiye a tafin helima. Mutumin da ya fi shekara ashirin yana tuƙi, mai 'ya'ya cike da gida.

Helima ya dubi makullin. Ya sa aka ɗaga murfin inji, ya ɗora tabarau, ya leƙa. Ya daɗe yana shafa darmar da babban yatsa. Sai ya ba wani direba makullin, ya zagaya baya, ya baje rigarsa gaban salansa, ya ce, "Taka." Aka taka, injin ya yi ruri har rufin kwano na amsawa. Aka sake. Ya dawo yana jujjuya rigar a rana, fara ƙal.

"Alhaji," ya ce wa Kawu a hankali, "filayar nan taku ta iya aiki. Ta yanke waya ta kuma ɗinke ta da tambarina. Ƙarya ran Juma'a, da furfurarku?"

Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Na faɗi abin da na yi wa motar, helima ya gyaɗa kai ya ce daga ranar kowace filta a riƙa kawo mini in gani. Ban ƙara jin maganar gwaji ba.

Kawu kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya zuba mini ido kamar zai cinye ni.

"Wato yaudarata ka yi, ɗan banza? Mako guda ina yawo da mota ba hayaƙi, kamar motar asibiti?"

Helima ya miƙo mini makullin ya ce in kai wa kawuna. Na durƙusa na ba shi da hannu biyu. Ya karɓa. Kunya ta rufe ni, don ni wayo na yi in tsira da aikina, shi kuwa nasa ya ajiye saboda laifin da ya yi imani na aikata.

"Ku yafe ni, Kawu."

"Tashi ka ba ni wuri," in ji shi, yana cusa makullin a aljihu. "Me zan je in ce wa uwarka in an kore ka?"