Gaisuwar Mutuwar da Basarke Ya Ji da Kunnensa

Karatuna na boko bai wuce aji biyu ba, shi ma rabinsa a bayan aji na yi shi ina cin gyaɗar mutane. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi haƙuri, hannun da ya saba da wuƙa ne ya riƙe biro. Mahauci ne ni. A kasuwar Jega na tsufa, har gwiwa ta ce ta gaji, na koma zaman benci ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba.

Muna da wani guruf a waya, mu tsofaffin 'yan kasuwa na Jega da Aliero da Maiyama. Ba a rubutu cikinsa, don galibinmu in an rubuta sai mu ga kamar tururuwa ce ta bi ta kan gilashin. Murya ake ɗauka a tura. Da safe kowa ya danna ya yi gaisuwa, ya faɗi yadda albasa ta kwana ko wace mota ta mutu a hanya, sannan a zauna a saurari ni da abokina muna zagin juna. Shi masunci ne, Basarke, kifi ya sayar duk rayuwarsa, kuma tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun kakanni. Shi ya ce mini Barunje mai ƙarnin jini. Ni in ce masa in ya shiga masallaci kuliyoyin unguwa na bin sahu a bayansa.

Wata safiya bayan girbi bai turo komai ba. Na zage shi, na ƙara, shiru. Da azahar sai matarsa ta ɗauki wayar ta yi mana magana. Ta ce ya faɗi wajen alwala, ɓarin jikinsa na dama ya saki, baki ya karkace, magana ta tafi. Da anka sallame shi daga asibiti, ƙanensa ya ɗauke shi zuwa gidansu na gado a Karaye, can ƙasar Maiyama. Matar ta ce likita ya faɗa mata yana ji sarai, don haka kullum takan aza masa wayar kusa da kunne ta kunna muryoyinmu, su yi ta bin juna ita tana aikinta.

Guruf ya koma addu'a zalla. Ni ma haka. In danna in ce, “Allah shi ba ka lahiya,” in saki, kamar ina gaida baƙon da ban san sunansa ba. Ban iya zagin wanda ba ya iya ramawa.

To akwai wata al'ada tamu. Hoton da ke saman guruf na buhunan albasa ne, kuma ba a taɓa shi sai an yi mana rasuwa. Ranar sai a sa fuskar mamacin, ta zauna har a share makoki. Ba wanda ya taɓa faɗin wannan da baki, haka kawai munka saba. Sai ga wani mai albasa daga Aliero, mutumin kirki, bai daɗe da shigowa ba, bai taɓa ganin mun yi mutuwa ba. Ya ga addu'a ta fara ja da baya, ya ce bari ya sa hoton maras lafiya don kowa ya buɗe waya ya tuna da shi. Ya sa, ya wuce fadama inda babu sabis.

Wani direba na Maiyama ne ya fara gani. Ya danna ya yi salati, ya ce Basarke ya riga mu. Kafin a ce kwabo muryoyi sun cika wayar.

Ina kan benci da kofin shayi lokacin. Na saurara. Na shanye shayin har ƙasa. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Na duba ƙasa na ga takalmina ɗaya ya tsinke, sai na tsaya ina tunanin ko in kai a ɗinke kafin in tafi jana'iza ko in tafi da shi haka. Na kira wayar gidan ba ta shiga, don sabis ɗin Karaye sai ya ga dama yake zuwa. Na danna zan yi gaisuwa kamar kowa, na riƙe, bakina bai ce komai ba, na goge.

Direban ya biyo ya kwashe mu, mu 'yan kaɗan. A hanya suna ta ba da labarin halinsa, ni ina kallon kara da anka tara a gonaki. Da munka isa ƙofar gidan babu tabarma, babu taro. Ƙanensa na tsaye yana ba shanun huɗa harawa.

Ya ce, “Lahiya kunka taho haka da rana tsaka?”

Direba ya ce, “Har an kai shi?”

“An kai wa?”

Munka tsaya muna kallon juna kamar awakin da anka sauke kasuwar da ba tasu ba.

A ɗaki munka same shi kwance, ido buɗe, wayar na gefen kansa. Ashe sabis ya zo gab da hantsi, saƙonni sunka shigo gaba ɗaya, matar ta kunna masa kamar kullum ta fita dama kunu. Sai da ta dawo ta ji abin da ake faɗi.

Ta ce, “Ya ji duka. Har wanda yac ce hutu na gare shi, da wagga wahala gara tahiya.”

Wanda ya faɗi hakan yana tsaye cikinmu. Ya sunkuyar da kai. Abokina ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ja jikinsa da hannun hagu ya juya wa bango. Tun daga ranar ya rufe baki. Kunu, fura, ko ruwa sai an yi da gaske.

A guruf anka yi ta ban haƙuri. Mai albasa ya yi kuka cikin waya har ba a jin abin da yake cewa. Wani ya ce a cire maras lafiya daga ciki don ya huta da mu, wani ya ce a'a, cire shi ma wata jana'izar ce. Anka bar ta haka. Ni ina saurare, ina cin abincina, ina barcina. Har haushin kaina na so in ji, shi ma bai zo ba.

Ana nan sai matarsa ta hau tudu inda ake samun sabis ta kira ni.

Ta ce, “Malam, mutumin naka zai kashe kainai da yunwa. Ka taho.”

Na ce, “Ni mi zan yi mishi, Hajiya? Ni ba malami ba, ba likita ba.”

Ta ce, “Kai ɗai na ba ka yi gaisuwar ba. Na ga idonai ranar, yana jiran taka, ba ta zo ba.”

Ban gaya mata cewa ba dabara ce ta hana ni ba. Na je wajen yanka na zaɓi ƙafar sa mai kyau, na sa anka dafa ta har ƙashi ya saki, na zuba romon a kula. Mota zuwa Maiyama, daga nan kabu-kabu, kular na kan cinyata tana ƙona ni.

Ya rame. Wuyansa ya koma kamar na zakaran da ya sha kwana a kasuwa. Fuskarsa na bango. Na zauna bakin tabarma na rasa ta inda zan fara, sai na fara da abin da na iya.

Na ce, “Basarke, kai ko mutuwa ba ka iya yi daidai ba. Mun taho da yunwa za mu ci gumba, kah hana mu.”

Bai motsa ba. Ni ma babu dariya a cikina, faɗi kawai nake kamar mai biya karatun da ya haddace.

Na ce, “Na riga na gaya musu, in lokacin ya yi a gina kabarinka nesa da nawa. Na sha ƙarninka duniya, ban sha shi ƙasa. Ga romo nan na kawo, na naman gaske, irin wanda kakanka bai taɓa gani ba. In ba ka sha ni in shanye, dama ba don kai nid dahwa ba.”

Ina jin shanu a waje, ina jin matar na numfashi bakin ƙofa. Na fara tunanin mai kabu-kabun da na ce ya jira ni.

Sai hannunsa na hagu ya taso a hankali daga cikin zane. Bai juyo ba. Ya ware yatsun nan biyar ya miƙo mini daƙuwa, daidai fuskata.

Matar ta yi wani sauti, ban san ko dariya ce ko kuka ba, ta ruga ta ɗauko cokali. Munka tada shi, ƙanensa ya tallafe masa baya. Na ɗebo romon na hura na kai bakinsa. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya buɗe gefen da ke buɗuwa.

Rabi ya shiga, rabi ya biyo haɓa. Na share masa da hannun rigata na sake ɗebowa. Matar na cewa in yi a hankali kada ya ƙware. Haka munka yi ta yi har romon ya yi ƙasa sosai, ya rufe baki ya lumshe ido, anka kwantar da shi.

Ta rako ni zaure da kular a hannu, ta ɗauraye ta. Ta tambaye ni ko gobe ma zan kawo. Na ce sai na ga abin da anka yanka.