Numfashin da Maigidana Ya Bari a Cikin Tambur

Bazarar bana ta cika shekara talatin da rasuwar maigidana. Bazarar da ya tafi ba irin wadda ake mantawa ba ce. Tafkin Madarumfa ya ja baya har awaki na yawo a kan tsagaggiyar laka inda a da ake jefa taru, iska kuwa ta ɗauke ɗif, ko ganyen tsamiyar ƙofar gidanmu ba ya motsi. Ku riƙe mini zancen rashin iskar nan, don abin da zan faɗa a kansa ya rataya.

Ba zan kama sunansa ba, ba a haka aka rene mu ba. Direbobi dai Mai Birki suke ce masa. Zamanin Nasara ne, zamanin gyaɗa, manyan motoci na kwasar buhuna daga Maraɗi suna yin kudu, kuma da wuya mota ta wuce ba ta tsaya gindin tsamiyarmu ba. Sai ya taɓa cibiyar taya da bayan hannu, ya sunsuna, ya ce a ɗaga. In an cire taya sai ya zaro tambur, wato wani kaskon ƙarfe da takalman birki ke matsewa daga ciki idan direba ya taka. Ya kankare takalman, ya goge ƙarafan da tsumman fetur, yana faɗa wa kowa kada ya kusanto da hannun maiƙo. Ya kan ce gudu na kowa ne, tsayawa ita ce ta mai rabo.

Amma kafin duk wannan, akwai baƙar ƙura mai laushi kamar kwalli da ke taruwa cikin tambur. Da baki yake fitar da ita. Ya durƙusa, ya cika ƙirji, ya busa doguwar busa, ƙurar ta tashi ta rufe masa fuska, sannan ya yi tari. Ina cikin gida ina surfe nakan ji: busa, tari, busa, tari. Da haka nake sanin akwai cefane ranar. Shekara da shekaru muna jin daɗin sautin nan, ba mu san ƙirjinsa ake biya da shi ba. Da tarin ya zaunar da shi, kakinsa baƙi ne. Wasu suka ce sammu, wasu suka ce sanyi. Ya tafi yana neman numfashi kamar mai kamfatar ruwa da rariya.

Ya bar wani tsohon tambur jingine da tsamiya, ba wanda ya taɓa shi. Ina cikin takaba, wata rana da rana tsaka, lokacin da gari ke yin tsit har kaji na buɗe baki, na ji busar. Doguwa, irin tasa, da ɗan karkarwar nan a ƙarshe. Na tsaya da taɓarya a hannu ina jiran tarin. Tarin bai zo ba. Na leƙa ta kan danga, ba kowa, sai baƙar ƙura a shimfiɗe gaban tambur kamar an watsa ta daga ciki. An ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Ni dai na ji nawa ya yi.

Abin ya yi ta maimaituwa, ba kullum ba, amma ko yaushe da rana tsaka. Na gaya wa limamin unguwarmu, ya ce iska ce ke shiga ramukan ƙarfe, in yawaita addu'a. Na yi addu'ar, ban kuma ce masa babu iskar ba. Maƙwabciyata Gwamma, tsohuwa ce daga gidan masu bin al'adar kakanni, ita ma ta ji. Ta ce mini: "Ke ɗiyata, shekara nawa yana zuba ma ƙarfen ga numfashi? Ƙarfe ya saba. Wanda ya sha na uba, na ɗa zai nema." Ban bi addininta ba, amma maganar ta zauna mini a ƙirji kamar dutse.

Domin ina da ɗan. Idi, saurayi ne lokacin, gemu ya fara tsiro masa, shi ne kuma namijin da ya rage a gidan. Shi bai ji tsoron busar ba, murna ma yake. Ya ce: "Inna, Baba ne ke cewa kada a bar gindin tsamiya ba kowa." Ba a jima ba wata mota ta tsaya, direban ya sauko yana ta'aziyya, ya dubi Idi ya ce: "To ɗan Mai Birki, barewa ta yi gudu, kai rarrafe za ka yi?" Idi ya ɗauko kayan ubansa. Ina kallo ta danga ya taɓa taya da bayan hannu, ya sunsuna, ya zaro tambur, ya durƙusa daidai inda gwiwar ubansa ta yi gurbi. Ya cika ƙirji ya busa. Sai tarin da na yi ta jira ya fito, daga bakin ɗana. Ya tofar, na ga baƙi a ƙasa.

Hana shi sana'ar ba zai yiwu ba, ita ce gadonsa, ita ce tuwonmu. Barinsa kuma in sake sauraren wancan tarin har ƙarshensa, ban ga zan iya ba. Ranar na dai zuba masa ruwa ya wanke fuska.

Yau in maigidana ya dawo, ban san abin da zai fara kallo ba. Motoci sun yi yawa, ƙanana masu gudu kamar an koro su, ga babura har cikin lungu. Na san zai tsaya bakin hanya yana sauraren kukan birkinsu yana girgiza kai. Zai yi mamakin ganina da alƙalami, ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura. Na kuma ji wani likita a rediyo yana cewa ƙurar birki na cin huhu a hankali, na ce Allah sarki, Gwamma ta riga ka, da nata harshen. Abin da ke damuna shi ne har yanzu nakan ga matasa a gareji sun durƙusa suna busawa da baki. Don su na rubuta wannan.

Abin da ya rage na maigidana ba shi da yawa a ido. Tsamiya na nan. Direbobin da ya tsayar lafiya sun tsufa a gidajensu, wannan ma sadaka ce. Hannunsa na jikin Idi, wanda yanzu ya haura shekarun da ubansa ya rasu a kansu, yana da jikoki, yana hawa tudu ba ya haki. Duk wanda ya koyi aiki a wurin Idi, da mazugi, wato zugazugi, yake fitar da ƙura, fuska a kauce, kuma mutane kan tambaye ni ina makaniki ya samo kayan maƙera.

Ga inda ya samo. Washegarin ranar da na ji tarin nan, da na idar da sallar asuba, na kama akuyata guda na ba ƙanina, na ce ya kai garin Safo wurin maƙeri ya musanyo mini mazugi na fata. Ni kuma na fita gindin tsamiya, na kwantar da tsohon tambur, na liƙe ramukansa da laka, na cika shi da ruwa don kaji, yadda ba sauran ƙurar da za a busa. Na durƙusa kusa da shi na ce a hankali: "Malam, ka huta, a bar mini yaron." Gari shiru, ba iska ko kaɗan. Ina kallo ruwan ya yi rawa daga wannan baki zuwa wancan, sannan ya kwanta.