Ƙunshin Gishirin Yaya Sale

Bana shekara hamsin da biyar ke nan da rasuwar yayana Sale, mai hura wutar tukunyar tururi a wani kamfanin sabulu da ke bayan unguwar Aboabo a Kumasi. Kamfanin ya daɗe da rushewa, an jera shaguna a wurin. Ni kuwa har yau in mota ta bi da ni ta hanyar sai na kau da kai.

Jikana Bashiru ne ya tono mini shi. Sana'arsa ɗaura wa tukwanen kamfanoni wata na'ura da ke auna yanayin gari: in an yi sanyi ta ƙara wuta, in rana ta buɗe ta rage. Ya zo yana mita, wai masu kamfani sun ce ta yi tsada, man da za ta rage bai kai a saye ta ba. "Kaka, kai da ka yi aikin wuta, me ka gani?" Na ce ya sha kokonsa kar ya huce. Ban amsa masa ba ranar, don amsar sai na tono abin da na binne.

Ni da Sale ubanmu ɗaya, uwa kowa da tasa. Shi a ƙasar Sakkwato aka haife shi, baba ya taho da shi yana fataucin goro. Ni a Kumasi aka yanke mini cibiya, uwata kuma Badagomba ce. Babu wanda ya taɓa damuwa da wannan bambanci sai ƙarshen 1969.

Shi ma Yaya yana da tasa na'urar. Gishiri ne ya ƙulle a tsumma ya rataye a ƙusa, bakin ƙofar ɗakin wuta. Kullum da safe sai ya matsa shi. In ya ji ya dunƙule da danshi, to itace ma ya sha raɓa, sai ya ƙara wuta. In ya ji yana zuba kamar yashi, sai ya rage rabi. Leburori suna tsokanarsa, suna kiransa boka. Amma mai kamfanin, wani dattijon Asante da muke kira Masa, ya lura motar itace ta rage zuwa, don haka ba ya son ko ƙuda ya sauka a kan Sale.

Sai aka yi shelar duk baƙon da ba shi da takarda ya bar ƙasa cikin mako biyu. Abin da na gani a unguwarmu ta Zango ba na yi wa maƙiyi fatansa. Wasu 'yan ta-kife suka ɗauki kulake suna bin gida-gida, ba wanda ya aike su. Suna ɓalle ƙofa, su watso katifa da tukwane kan titi. Tela maƙwabcinmu, a kan kekensa suka fasa masa kai don ya ƙi sakinsa. An cusa tsofaffi da masu jego a manyan motoci, wasu ko takalmi babu.

Masa ya ɓoye Sale a bayan tarin itace, ni kuma da nake dakon kwalaye aka mayar da ni bakin wuta, ina ɗan shekara ashirin da biyar. Yaya yana leƙowa ta tsakanin gumagumai yana gaya mini abin yi. Wata uku muna haka. Leburori suka fara kirana injiniya, kaina ya kumbura. Na fara jin haushin a ce ƙato kamar ni sai ya matsa tsumma kafin ya san aikinsa.

Wata safiya a watan Maris hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Yaya ya miƙo hannu ya taɓa ƙunshin, ya ce, "Hamidu, gishiri ya bushe. Wannan hadari ƙarya ne. Rage wuta."

Na ce, "Yaya, ni ma ina da ido."

Na danna busasshen itace har baki. Kafin ƙarfe sha ɗaya hadari ya watse, rana ta take. Ga shi tun makonni helman kamfanin, wato shugaban leburori, ya ɗaure bawul ɗin da ke sakin tururi da guntun ƙarfe, wai hucinsa ɓarnar itace ne. Na gani, ban ce uffan ba.

A ranar ne kuma wani ya kai tsegumi cewa Yaya yana ɓoye a kamfanin. Mutum bakwai suka shigo da kulake, suka rushe tarin itacen, suka jawo Yaya ta ƙafa. Ɗaya ya sa masa kulki a baki, haƙora suka zube a ƙasa. Na bar wuta na bi su bakin ƙofa ina roƙo. A ɗakin da ke manne da tukunyar kuwa, mata ne cike suna naɗe sabulu.

Ni ban ji komai ba. Shi da jini ke zuba a bakinsa shi ya ji tukunya tana nishi. Ya yi ihu, "Tukunya! Ku sake ni, tukunya za ta fashe!" Suka zaci dabara ce. Ya sa wa ɗaya karo a ƙirji ya ƙwace, ya ruga ciki suna sheme shi a baya. Ya ɗauki shebur ya doke ƙarfen nan da ke ɗaure da bawul. Tururi ya yi tsartuwa ya same shi a fuska da ƙirji. Da ya faɗo waje ma ba su daina dukansa ba, sai da wanda ya kama hannunsa ya ga fata ta biyo shi. Nan suka zubar da kulake suka arce. Matan nan suka fito lafiya, ko ƙwarzane babu.

Kwana biyu ya yi kafin ya cika. Ana gab da la'asar ya motsa leɓe, na kai kunne. Ya ce, "Ka taɓa gishirin nan ranar?" Na ce a'a. Ya ce, "To, gobe ka taɓa." Ƙasar da ta ce ya fita, a cikinta muka binne shi. Mutanen Zango suka ce masu kulake ne suka kashe Sale, ni kuma na bar su suna faɗa shekara hamsin da biyar, don na ji tsoro kuma na ji kunya.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga na'urar Bashiru. Na san sai ya zagaye ta sau uku, ya tambaya ina aka sa mata gishirin, sannan ya yi dariya. Ba zai ce kowa ya saya ba. Mai ƙaramar tukunya da ke hura wuta awa biyu, hannunsa ya ishe shi. Amma wutar da ke ci wuni guda, a garin da safiyarsa daban tsakar ranarsa daban, kullum akwai abin ragewa, kuma shi ya fi kowa sanin haka.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne matan nan da suka tsufa suka ga jikokinsu, da ɗabi'ar nan tasa ta tambayar gari kafin ya taɓa wuta.

Jiya na kira Bashiru na ba shi labarin duka, har da abin da ban taɓa gaya wa kakarsa ba. Ya ce, "To Kaka, me zan gaya musu?"

Na ce, "Ka ce su saya. Ita kullum tana taɓa gishiri, kuma ba ta taɓa ce wa yayanta ita ma tana da ido ba."