Bantena da Kamfan Sanusi, daga Shinkafi zuwa Ƙaura a Ƙasa

Alhamis: Ƙaura zuwa Shinkafi

Ƙarfe biyar saura kwata, ana sallame sallar asuba, na bar gidana a Ƙaura Namoda. Sandata a kafaɗa, burgami, jakata ta fata, a rataye, wani abu kuma yana matse mini ƙugu kamar na faɗa tarko. Sunana Labbo. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, wata uku, malamin ma ya riga ni gajiya, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya miƙe shi da kansa. Amma koren shanu a ƙasa, tun jirgin ƙasa na kwasar su daga Ƙaura zuwa kudu nake yin sa.

Ga dalilin tafiyar. Ƙanwata da ke Zurmi na son san huɗa, ni ma ina son ɗaya. Na ce zan sayo su a kasuwar Shinkafi in koro su da ƙafata. Ɗana na uku, Sanusi, wanda ya samu aikin ofis tun da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, ya ce a'a, a zuba su a mota. Muka yi ta ja har ya ce, "To Baba, mu yi alkawari. In ka hau mota ko babur a hanyar dawowa, ko da taku goma ne, ka aje sandan nan har abada, ka koma tabarmar ƙofar masallaci." Na ce na yarda, gaban uwarsa Hajo. Wannan sanda shekara arba'in tana hannuna.

Bai tsaya nan ba. Ya ciro wata leda daga Gusau, kamfai uku a ciki, ja da shuɗi da kore, masu santsi da roba a baki. Wai yanzu Shari'a ta zo, kuma ni uban ma'aikaci ne, bai kamata a ce har yau bante nake ɗaurawa cikin wando kamar ɗan dambe ba. Na ce, "Wa ke leƙa cikin wandona?" Ya ce, "Baba, don Allah." To, saboda "don Allah" ɗin nan na sa jan, sauran biyun na cusa a burgami.

Motar kasuwa ta tashi ƙarfe shida. Mata a baya, maza a gaba, sabon tsari. Kafin Moriki aka tsayar da mu sau biyu, na farko 'yan sanda, na biyu masu duba ko an ɓoye giya. Direba ya ce, "Baba, ka cika mutsu-mutsu, kuɗin cizo ne a kujerar?" Na ce, "Tuƙa motarka, nawa cizon daga gida na taho da shi."

Ƙarfe takwas da rabi muka shiga Shinkafi. A kara, wato wurin cinikin shanu, na iske Bube, Bafillacen da muka yi shekara talatin muna kore tare. Shi zai raka ni. Kafin la'asar mun zaɓi bijimai biyu, fari da baƙi. Muka kwana a zauren wani dillali, aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka.

Juma'a: cikin burtali

Ƙarfe shida muka kama burtali, hanyar shanun da ke ratsa gonaki, muka nufi gabas maso kudu. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, iska ba ta motsi. Awa biyun farko na yi ta cika wa Bube baki, ina cewa zamani ya zo har cikin wandona.

Wajen ƙarfe goma zufa ta sauko. Bante yakan sha zufa ya bushe. Wannan abin kuwa bai sha ba, bai bari ta wuce ba, sai ya tara ta. Robar ƙafafun ta shiga matsematsina tana yanka, taku ɗaya yanka ɗaya. Kafin rana ta take ina tafiya ƙafa a wawware, sanda a gaba.

Bube ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa, ya kira ni yadda Fulani ke kiran Bahaushe. "Kaɗo, yaushe aka yi maka kaciya ban ji ba? Da na kawo kaza."

"Kula da bijiminka, ga shi can cikin geron mutane."

Gaskiya ne kuwa. Baƙin bijimin ɓarawo ne, da ka ɗauke ido sai ya miƙa wuya ya fizgo. Sau biyu masu gona suka biyo mu da faɗa, muna ba da haƙuri.

Muka tsaya wani ƙauye muka samu Juma'a. Da na yi ruku'u sai da na ga taurari. Bayan an sallame wani mai babur ya matso. "Baba, hau in kai ka Zurmi, ko sisi ba ni so. Tausai ka ba ni." Na dubi kujerar nan mai laushi. Wallahi na dube ta da kyau. Bube ya juya baya ya ce shi bai ga komai ba, kuma ba zai faɗa ba. Na ce, "Kai ba ka gani ba, sandar ta gani." Na sallami yaron kirki da godiya.

Na zagaya bayan wata tsamiya in nemi tsumma a burgami. Can ƙasa, ƙarƙashin ƙullin garin fura, hannuna ya taɓo saƙi. Bantena ne, na auduga, kamu huɗu, wanda wanki ya mayar da shi laushi kamar kunnen ɗan akuya. A cikinsa an naɗe gwangwanin man kaɗe. Ashe ranar da ɗanta ke wa'azi, Hajo ta gama nata shirin. Na tuɓe jan nan na jefa a burgami, na shafa mai, na ɗaura abina yadda ubana ya koya mini: sako-sako a cinya, tamau a ƙugu, babu ɗinki ko ɗaya da zai taɓa fata. Wanda zai yi doguwar tafiya ya riƙe wannan. Abin da zai zauna tsakanin cinyoyinka yini guda, kada ka zaɓe shi don launi.

Muka ƙara awa uku. A rugar dangin Bube muka sauka kafin magariba, aka ba mu nono mai yawa da shimfiɗar fata.

Asabar: gulbi, sannan Zurmi

Ƙarfe tara muka iso mashigin gulbi. An yi ruwa a sama, ya kawo iya cinya. Tun kakanninmu, makori in ya zo ruwa yakan tuɓe wando ya naɗa a ka, ya ƙetare da bante, don jiƙaƙƙen wando a kan saɓaɓɓiyar cinya ya fi wuƙa. Na kama mazagi ke nan sai na ji sallama.

Wani malami ne, mai kamar shekara talatin da biyar, cikin masu sa ido a kan Shari'a, yana zaune a gindin giginya. Ya taso da ladabi. "Baba, a yi haƙuri. Daga cibiya zuwa gwiwa al'aura ce, ga mata can suna wanki. Yanzu da wando ake ƙetarewa."

"Malam, in na jiƙa wandon nan, tafiyata ta ƙare."

"Akwai gada ta hanyar mota. Babura na kai mutane."

Ka ji. Ko ta ina na juya, babur. Bube ya ce a hankali, "Mu jira ya tafi cin abinci." Na ce ban saba ƙetare ruwa kamar ɓarawo ba, kuma maganar malamin gaskiya ce, ban isa in ja da ita ba. Sai dai ba shi zai gaya mini abin da bantena zai iya ba.

Na sa Bube ya gitta farin bijimi ya kare ni. Na kwance banten, na warware shi duk kamu huɗun, na ɗaura shi kamar zane, daga saman cibiya har ƙasan gwiwa, na soke. Wando a ka. Na fito na tsaya gaban malam na juya sau ɗaya.

"Duba da kyau. Akwai inda ya rage?"

Ya duba, ya ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. "Babu, Baba. Ya rufe."

"To na kanti da ake ce mini shi ne na Musulmin zamani, ko tafin hannu bai rufe. In nuna maka?"

"A'a, na yafe. Allah ya kiyaye hanya."

Na shiga ruwa da bisimilla. A can gaɓar na sa busasshen wandona a bayan kalgo, na matse banten na rataya a sanda kamar tuta. Kafin mu yi tafiyar rabin awa ya bushe, na mayar da shi mazauninsa.

Ƙarfe biyar muka shiga Zurmi. Na damƙa wa ƙanwata farin bijiminta. Ta yi mana dambu da zogale, ta ce na rame. Na ce ba abinci ne ya rame da ni ba.

Lahadi: Zurmi zuwa gida

Muka tashi ƙarfe biyar da rabi, mu biyu da ɓarawon bijimi. Nan burtalin ya matse, gonaki sun cinye shi dama da hagu. Kafin hantsi ya fizgi dawar wani tsoho, mutumin ya rantse in ya ƙara sai gaban alƙali, kuma alƙalan yanzu ba sa ɗaga shari'a. Ba mu da takunkumi, babu kabar da za mu saƙa. Na zura hannu a burgami neman igiya, sai na taɓo santsi.

Na ciro shuɗin, sabo fil. Bube ya riƙe ƙaho, na zura wa bijimin a baki. Robar ta kama bayan haɓarsa daidai kamar an auna, hancinsa ya leƙo ta kafar ƙafa ɗaya yana numfashi lafiya lau. Ya miƙa wuya ga dawa, ya dawo da shi babu ko ganye. Bube ya zauna a kan kunyar gona yana dariya har da hawaye. "Kaɗo, ashe ɗanka ya san awo. Kuskuren mai sawa kawai ya yi."

Ƙarfe shida saura muka shigo Ƙaura, ƙafata a ƙasa tun daga Shinkafi. Sanusi na zaune a ƙofar gida da abokan aikinsa uku, an shimfiɗa tabarma, ina jin tawa ce ake gwadawa. Ya miƙe ya dubi ƙafafuna, ya dubi sanda, sannan idonsa ya kai bakin bijimi. Abokan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

"Baba, wancan ba..."

"Shi ne. Ya yi amfani ƙwarai, Allah ya yi maka albarka. In za ka Gusau ka ƙaro uku, amma ka ce na shanu."

Na wuce su na jingine sandata inda take kwana, a bayan ƙyaure, ba a ƙofar masallaci ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Bube da malamin gulbi. Hajo kuwa da na fara yi mata godiya, ba ta ko ɗago daga tukunya ba, ta ce in miƙo banten a wanke, kasuwar Alhamis ba ta da nisa.