Malamar Ajin Kurame

Malamar Hannu ake kiranta, har shugaban makaranta da wannan sunan yake aikawa a nemo ta. Shekararta goma sha huɗu tana koyar da yara kurame a ɗakin da ke ƙarshen baranda, kusa da inda ake ajiye tsintsiyoyi. Ba a kwaleji ta fara koyon maganar hannu ba. Ƙanwarta ce zazzaɓi ya toshe wa kunne tana 'yar shekara uku, su biyu suka ƙirƙiro nasu yaren a tsakar gida, sai da ta girma ta je ta koyi na gaske. Yara goma sha ɗaya ne a ajinta, kujerunsu a zagaye don kowa ya ga hannun kowa. In tana so su dube ta, ƙafa take bugawa a ƙasa, su ji motsin a tafin ƙafarsu.

Mijinta malamin lissafi ne a makarantar. Yara tamanin gare shi a aji guda, kullum da shaƙaƙƙiyar murya yake komawa gida, kuma shekara biyar albashinsu bai motsa ba.

Wata Litinin takarda ta zo daga hukumar ilimi. Za a yi wa malamai ƙari, amma sai an rufe ƙananan azuzuwa irin nata, a kwashe yaran zuwa makarantar kwana a babban birni, tafiyar awa huɗu. Hukuma ta ce tana son jin ra'ayin malamai, aka sa taro ranar Alhamis.

Da safiyar Laraba tana guga, hankalinta na wani wuri, ta ƙona wuyan rigar mijin.

"Baban yara, gobe wane ɓangare za ka ɗaga wa hannu?"

"Ni da hannuna? Ai tun ranar da na aure ki duk hannun da ke gidan nan ya koma ƙarƙashin ofishinki."

Ba ta yi dariya ba. Ya karɓi rigar, ya daɗe yana duban ƙunar.

"Malamin kimiyya ya ajiye aiki, yana can yana gyaran waya a bakin titi. Saura ƙiris na Turanci ya bi shi. In kowa ya watse, wa zai koyar da tamanin ɗin nan? Ki bar ni tukuna, kaina ya yi zafi."

A babban ɗakin taro aka zauna, malamai a baya, iyaye a gaba. Cikin iyayen akwai wani tela, shi ma kurma ne, 'yarsa tana ajinta. Dole malamar ta ja kujera ta zauna tana fuskantarsa, ta ɗan juya wa sauran jama'a baya, don ta riƙa fassara masa.

Jami'in hukuma ba mugun mutum ba ne, da ganinsa shi ma a gajiye yake. Ya ce, "Ɗaki guda, malama guda, yara goma sha ɗaya. Bango ɗaya ya raba su da yara tamanin, wasu a ƙasa suke zama. Ku gaya mini, wannan adalci ne?"

Haka ta ɗauki maganar kalma bayan kalma ta sa a hannunta, ba ta rage komai ba. Har sau biyu telan ya yi mata alamar ta maimaita.

Telan ya miƙe. Yana magana da hannu, ita tana faɗa da baki.

"Ina ɗan shekara shida aka kai ni irin makarantar da kuke faɗa. An koyar da ni, ban ce ba a yi ba. Amma sau biyu a shekara nake zuwa gida, har mahaifiyata ta rasu ba mu taɓa yin hira ba. 'Yata kullum tana dawowa ta koya wa uwarta abin da ta koya. Jiya ma tsegumin maƙwabta suka yi a gabana."

Aka ɗan yi dariya. Wata dattijuwar malama, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta ce daga inda take zaune, "Ranka ya daɗe, muna son ƙarin nan kamar me. Amma wa ya ce sai an rataya shi a wuyan yaran nan?"

Aka ce malamai su ɗaga hannu. Malamar ba ta waiwaya ba, idonta na kan telan, tana jiran ta faɗa masa sakamako. Goma sha tara suka ƙi sharaɗin, goma sha bakwai suka yarda. Ba ta ga inda hannun mijinta ya faɗa ba, har yau kuma ba ta tambaye shi ba. Shi ma bai faɗa ba.

Hukuma ta ɗage maganar zuwa ƙarshen shekara, ƙarin ma ta ɗage shi. Malamin Turanci ya tafi kamar yadda aka yi tsammani, aka haɗe ajinsa da wani. A ɗakin malamai akwai waɗanda yanzu daga nesa suke amsa gaisuwarta, ita ma ta koma cin abincinta a aji. Duk sanda masinja ya shigo da ambulan, sai ta ajiye abin da take yi ta bi shi da ido.

Makon jiya wata mata ta zo da 'yarta kurma mai shekara huɗu, yarinyar tana maƙale da zanin uwar.

"Malama, an ce a nan ake karɓar irinta. Amma na ji ana cewa za a rufe. Da gaske ne? Kada in saba mata da wuri, a zo a raba ta da shi."

Malamar ta durƙusa, ta ɗaga wa yarinyar hannu. Yarinyar ta dubi uwarta, sannan ta ɗago nata a hankali.

"Wallahi ban sani ba, 'yar'uwa," in ji malamar. "Ki dai kawo ta gobe ƙarfe takwas."